Ma'aikacin Gidan Waya Da Ya Ƙi Aikin Lahadi

 Yau shirin namu zai leƙa Amurka, kan wata shari'a da ta shafi duk mai aiki a ƙarƙashin wani kuma yana da ranar ibada.

Sunan mutumin Gerald Groff, Kirista ne mai tsananin riƙo da addininsa, a da yana raba wasiƙu a karkarar jihar Pennsylvania. Da ya kama aiki a 2012, gidan waya ba ya fita ranar Lahadi. Sai a 2013 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Amazon, aka fara kai kaya har ranar Lahadi. Groff ya ce shi kam Lahadi ta Ubangiji ce. Me ya yi? Bai tada rigima ba, sai ya nemi canjin wurin aiki, ya koma wani ɗan ƙaramin ofishi a ƙauyen Holtwood, inda ba a aikin Lahadi. To, abin da ka guda, ka ji, sai ga shi ya biyo shi: a 2017 Holtwood ma ta fara.

Ku saurari nan da kyau. Ofishi ne mai ma'aikata ƙalilan. Duk Lahadin da Groff bai zo ba, wani ne zai ɗauki kayansa, wani lokaci har shugaban ofishin da kansa. Abokan aiki suka fara gunaguni, takardun gargaɗi suka yi ta zuwa. A 2019 ya ajiye aiki, ya nufi kotu.

A gurguje, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambancin addini a wurin aiki. Amma wani hukunci na 1977 ya sa ana ganin ko ɗan ƙaramin nauyi a kan mai ba da aiki ya isa hujjar ƙin ba ma'aikaci damar ibada. Shekaru 46 ana tafiya a haka.

Ranar 29 ga Yuni 2023, washegarin Babbar Sallah, a shari'ar Groff, alƙalan Kotun Ƙoli tara, dukkansu, suka ce sam. Sai mai ba da aiki ya nuna cewa damar za ta jawo masa asara mai yawa kafin ya hana. Kuma ƙin addinin mutum da abokan aikinsa ke yi ba hujja ba ce. Ƙungiyoyin Musulmi da na Yahudawa sun mara wa wannan Kiristan baya, domin sun san ƙofar da aka buɗe masa ita ce ƙofar sallar Juma'a da ta Asabar.

Musulmi sun san zafin abin. A Disambar 2015, masana'antar nama ta Cargill a Fort Morgan, jihar Colorado, ta sallami ma'aikata Musulmi, galibinsu 'yan Somaliya, kan taƙaddamar lokacin sallah. A 2018 ta amince ta biya dala miliyan 1.5 ga mutum 138.

Lokaci na hararar mu. Nan gida, hutun Sallah da Kirsimeti gwamnati ke sanarwa, amma nas da mai gadi da direban tanka ba su da wannan gata. Su sai musanyar aiki: ka tsaya mini ranar Juma'a, in tsaya maka ranar Lahadi. Shugabannin ma'aikatu, ku tsara jadawalin tun da wuri. Ma'aikaci kuma, idan an ba ka awa guda ta masallaci, ka dawo kan lokaci, akwai wanda ke riƙe maka aiki.