Injin Turbo da Ƙurar Hanyar Gummi

Ba na zargin matashin Gummi ko Bukkuyum da ke mafarkin Golf GTI 'yar Beljiyam. Injinta mai lita 2 yana kai ƙarfin doki 200, saboda hayaƙin da yake fitarwa na juya wata ƙaramar farfela fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta riƙa cusa masa iska.

Sai dai farfelar nan 'yar lele ce. Ƙurar hunturu da ta ratsa tsohuwar filta kan cinye fikafikanta. Baƙin mai na cikin abubuwan da ke sanyaya sandar da take juyawa a kai, kuma idan direba ya kashe mota nan take bayan dogon gudu, zafi kan ƙone man a ciki. Fetur ɗin jarkar 'yan bumburutu kuwa, ba abincin wannan inji ba ne.

Mai shirin ɗora shi a tsohuwar Golf 3 ya sani cewa kwamfutarsa da wayoyinsa daban ne. In ta tsaya masa da magariba tsakanin Anka da Tungar Daji, a halin tsaron da ake ciki, bakaniken da ke da na'urar gano cutarta yana can Gusau ko Sakkwato.