Na'urar da ke Haddace Motsin Hannun Ma'aikaci

Masu karatu sun san rakoda, wadda ke ɗaukar murya ta maido da ita yadda aka faɗa. To, haka ma ake ɗaukar motsi. A kowace gaɓa ta hannun inji akwai ma'auni mai lura da yadda gaɓar ta karkata, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kwamfuta tana mayar da wannan awo lambobi, ta ajiye su tare da lokacin da kowane ya faru. In aka ba ta umurni, sai ta tuƙa gaɓoɓin bisa waɗannan lambobi, hannun ya maimaita aikin daidai.

A shekara ta 1954 ne George Devol, mutumin Amurka, ya nemi rajistar wannan dabara. A shekara ta 1961 kuma injinsa mai suna Unimate ya fara aiki a wata masana'antar General Motors ta jihar New Jersey, yana cire ƙarafa masu zafi daga inda ake zubinsu, aikin da ke ƙona hannuwan ma'aikata. Amma wuraren tsayawa kaɗai yake riƙewa, ɗaya bayan ɗaya.

Aikin fenti ya fi haka wuya, domin kyansa yana ga saurin hannu da lanƙwasarsa. Kamfanin Trallfa na garin Bryne a ƙasar Norwe, mai ƙera baro, shi ya shawo kan matsalar. Gwanin fenti yakan kama hannun injin ya fesa kaya guda kamar yadda ya saba, na'urar kuwa tana ɗaukar motsin a kan faifan maganaɗisu a daidai lokacin da ake yin sa. Daga nan sai inji ya ci gaba, mutum ya huta da shaƙar tururin fenti mai lahani ga huhu. A shekara ta 1969 aka fara sayar da wannan inji.

Sai dai na'ura ba ta tace abin da aka koya mata. In hannun mai koyarwa ya yi rawa, za ta maimaita rawar a kan kowane kaya da ya biyo baya. Saboda haka har yau masana'antun da ke aiki da wannan hanya sukan zaɓi ma'aikacin da ya fi kowa ƙwarewa su damƙa masa hannun injin.