Kiɗan biki a Urafane: ƙarfe nawa za a kashe sono?

Da an gama girbin hatsi a ƙasar Tasawa da Mayahi, sai lokacin aure ya kama. A Urafane da ƙauyukanta da wuya mako ya wuce ba a kafa rumfa a ƙofar gidan wani ba. Mu da muke aikin rediyo kiɗa ne abincinmu, ba za mu kushe shi ba. Amma ƙorafin da masu saurare ke kawo mana ya yi yawa, kuma duk a kan abu guda: sono da ke kwana yana ruri.

A da, mai kalangu da mai ganga su ne ke raba dare. Hannu na gajiya, murya na dushewa, ƴan mata su watse, gari ya yi tsit. Yanzu kuwa yaro guda da katin waya da manyan lasifikoki da batir ɗin sola ya isa ya hana unguwa barci har kiran assalatu. Inji ba ya gajiya. Wanda ke gajiya shi ne tsohuwar da ke kwance da hawan jini, da mai jego, da ɗan makarantar da ke shirin jarrabawar BEPC da tocila a hannu.

Shin babu doka ne? Akwai. Dokar kare muhalli mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 ta hana ƙarar da ke cutar da lafiyar mutum ko ta takura wa maƙwabta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 kuma ta ɗora wa magajin gari nauyin kwanciyar hankalin jama'a. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aikin ya koma hannun kantomomi. Sai dai talaka ba lambar doka yake nema ba, awa yake son ji: ƙarfe goma sha ɗaya ne ko sha biyu? Kuma in an wuce, wa zai kai wa kuka, maigari ko jandarma? Da yawa sun gwammace su haƙura, don mai bikin ɗan uwa ne, gobe kuma nasu bikin na tafe.

Su kansu masu rawar ba su tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji, kuma a 2022 ta ba da shawarar kada ƙarar wuraren kiɗa ta wuce desibel 100. Mu a situdiyo muna da allurar da ke nuna mana in murya ta yi yawa. A filin biki kuwa, yara ƙanana ne ke manne da bakin lasifika.

A Kano, hukumar tace fina-finai ta hana bikin Ƙauyawa ɗungurungum a 2025. Mu ba hani muke roƙo ba, domin mai sono ma da wannan sana'a yake ciyar da gidansa. Abin da muke so shi ne kantoma ya zauna da masu gari da limamai da masu sono, a tsayar da awa guda, a yi shelarta ranar kasuwa da kuma ta rediyo. Amma fa awar ta hau kan kowa, har da lasifikar wa'azin dare da ta taron manya. In aka ware wasu, matasa ba za su kashe nasu ba.