Furen Kek Mai Sheƙi: Abin da Haske Ke Yi a Cikin Man Shanu

A cikin shekarun 2010 masu yin kek a ƙasar Koriya ta Kudu suka shahara da wani irin fure da suke matsawa da kirim ɗin man shanu, wanda ganyensa ke sheƙi, har haske yana ɗan ratsa gefensa tamkar furen gaske da raɓa ta jiƙa. Mai kallo zai rantse an shafa masa wani abu a sama, alhali ba a shafa kome ba. Sheƙin yana fitowa ne daga abubuwan da aka kawar daga cikin kirim ɗin, wato iska da ƙwayoyin sukari.

Kafin mu shiga madafa, bari mu tuna darasin haske. Idan haske ya sauka a kan abu mai sumul, kamar madubi ko ruwa a kwance, yana komawa ta fuska ɗaya, ido kuma ya ga ƙyalli. Idan kuwa ya sauka a kan abu mai kaushi, sai ya warwatsu ko'ina, abin ya yi dishi-dishi. Bayan haka akwai abin da ke faruwa a cikin jikin abu. Kowane abu da haske ke ratsawa yana da lambar da ke nuna yadda yake karkatar da shi: ta iska 1.00 ce, ta ruwa 1.33, ta kitsen madara kuwa wajen 1.46. Duk inda haske ya tsallaka daga wani abu zuwa wani mai lamba dabam, wani sashe nasa kan juyo baya, kuma gwargwadon girman tazarar lambobin, gwargwadon yawan abin da ke juyowa. Masanin nan Bafaranshe, Augustin Fresnel, wanda ya rasu a 1827, shi ya tsara lissafin wannan al'amari.

Duk ɗalibin da ya taɓa sayen ƙosai a takarda ya ga wannan ƙa'ida da idonsa. Takarda fara ce domin zarurrukanta cike suke da guraben iska masu warwatsa haske. Da mai ya cike guraben, sai tazarar ta ragu, wurin ya zama ana iya hango rubutun da ke bayansa.

To, haka lamarin yake ga kirim. Mafi sauƙin haɗi shi ne irin na Amurka: a kaɗa man shanu da garin sukari har ya tashi. Sai dai man shanu kitse ne wajen kashi 80 cikin ɗari, ruwansa bai wuce kashi 16 ba, don haka ba zai iya narkar da wannan sukari mai yawa ba. Ƙwayoyin suna nan daram, ga kuma ɗimbin ƙananan kumfar iska da kaɗawa ta cusa. Kowace kumfa mashigin haske ce mai tazara daga 1.46 zuwa 1.00. Shi ya sa wannan kirim yake fari fat, kuma idan ya sha iska sai samansa ya yi ɓawo marar sheƙi.

Masu furen Koriya sun bi ta hanyar da aka fi sani da ta Italiya. Ana dafa sukari da ruwa har zafinsa ya kai digiri 118 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, sannan a tsiyaya shi a hankali cikin farin ƙwai ana kaɗawa. Ta haka babu ƙwayar sukari ko ɗaya da ta rage. A nan ne kuma abin ban sha'awa yake: ruwan da kashi 60 cikin ɗari nasa sukari ne, lambarsa takan hau zuwa 1.44, ke nan ta yi kusa ƙwarai da ta kitse. Ɗigon ruwan da ke warwatse cikin man ya kusa ɓacewa ga haske.

Saura iska. Bisa al'ada, akan zuba man shanu mai laushi domin kirim ya riƙe kumfarsa ya yi sauƙi a baki. Mai neman sheƙi akasin haka yake yi. Yakan sanyaya kaɗaɗɗen ƙwan, ya jefa masa gutsattsarin man shanu mai sanyi daga firiji. Nan take haɗin zai tsinke, ya yi gudaji cikin ruwa kamar madarar da ta lalace, kuma a wannan gaɓa ce sabon shiga kan fid da rai ya zubar. Kuskure ne babba. Kitse maƙiyin kumfar ƙwai ne, rushewar kumfar kuwa ita ake nema. Idan aka ci gaba da kaɗawa, gogayya takan ɗumama man sannu a hankali har ya haɗiye ruwan sukarin, a sami kirim mai nauyi, mai santsi, mai ƙarancin iska. Launin da aka sa masa ma yakan fi zurfi, kamar yadda jiƙaƙƙen tufafi ya fi busasshe duhu, saboda haske na shiga can ciki kafin ya juyo.

Wahalar da ta rage ta zafi ce. Kitsen madara gauraye ne na kitse iri-iri, kowanne da zafin da yake narkewa, kuma yawancinsu sun zama ruwa kafin a kai digiri 35. Tafin hannun mai matsa furen kaɗai ya isa ya sassauta kirim, don haka ake zuba kaɗan-kaɗan a jakar matsawa, ana kuma sanyaya hannu. Idan ya yi sanyi da yawa, gefen ganyen ya tsattsage. Idan ya yi ɗumi, sheƙi ya koma maiƙo, furen ya kwanta. Wanda zai gwada a Kano ko Maradi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, sai ya tanadi ɗaki mai sanyi ko ya jira hunturu.

Malamin da ba shi da injin kaɗawa yana iya nuna wa ɗalibai tushen maganar da kayan ɗakin gwaji. A tsoma sandar gilashi irin ta Pyrex a kofin ruwa, za a gan ta sarai. A mayar da ita cikin kofin man gyaɗa tatacce, sai ta kusa ɓacewa, domin lambar gilashin da ta man duka suna wajen 1.47.