Daga "Slip" zuwa Silifa: Nazari kan Aron Kalma a Ƙasar Mafara

Kalmar Ingilishi "slip", wadda ainihin ma'anarta ita ce zamewa a kan abu mai santsi, ta bayyana a rubuce-rubucen Ingila wajen shekarar 1300, kuma masana asalin kalmomi suna danganta ta da Jamusancin arewa na wancan zamani. Daga gare ta aka samu "slipper" a ƙarni na 15, wato takalmin da ake zura ƙafa a cikinsa ba tare da ɗauri ba, wanda Bahaushe ya karɓa ya mayar silifa.

Sauyin lafazin yana da dalili a tsarin sautin Hausa, domin gaɓar kalma ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka aka cusa wasalin "i" tsakanin "s" da "l", sannan "p" ya koma "f". Abin da ya fi jan hankali shi ne cewa sunan kaya kaɗai aka aro, aka bar aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, tun da manomin da ke taka laka a fadamun Bakalori, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, ya riga ya mallaki santsi da sulɓi da zamewa da sulalewa da suɓucewa, kowace da gurbinta, har da "suɓul da baka" ga wanda magana ta kufce masa.

Musabbabin wannan aro shi ne kasuwa da makaranta, waɗanda suka buɗe wa Turanci ƙofa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Takalmin roba mai araha ya iso kasuwanni irin ta ranar Talata a Mafara tare da sunansa, kamar yadda ɗaliban kwalejin Abdu Gusau suke kiran guntuwar takardar rajista da "slip", ko da yake wannan ma'anar ana ganin tushenta daban ne.

Aron bai raunana harshen ba, domin ya tanƙwara baƙuwar kalmar ta bi ƙa'idarsa. Asarar da ta cancanci damuwa tana wajen dukawa, masu ɗinka takalman fata irin su fade, waɗanda roba ta rage musu ciniki, kuma duk sana'ar da ta ja baya, sunayen kayan aikinta da na ire-iren ɗinkinta sukan fita daga bakin yara masu tasowa.