YADDA ZAFI KE SĀKE SIFFAR ROBA

Mutanen Turawa da na sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo sun saba da kayan roba. Akwai kofin madara, da mazubin abincin sayarwa, da fakitin ƙwayar magani. Kaɗan ne kuwa suka san cewa yawancin waɗannan kaya daga shimfiɗaɗɗen falle aka yi su.

Ga yadda a ke yi a masana'anta. Sai a ɗaure fallen roba a cikin firam, a gasa shi har ya yi laushi, amma ba a bari ya narke. Sa'an nan a ɗora shi bisa wani zubi mai siffar abin da a ke so, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu. Nan take sai fallen ya lafe wa zubin. In ya huce sai ya sandare a haka, a yanke gefe. Aikin ya yi kama da na masu yin tandu, waɗanda ke lulluɓa jiƙaƙƙiyar fata bisa zubin yumɓu, sai dai su da ruwa su ke tausasa fata.

Dalilin wannan shi ne, roba haɗuwar waɗansu dogayen zaruruwa ce da ido ba ya gani. Cikin sanyi a cije su ke, zafi kuwa ya kan sassauta su. Kowace roba da nata ma'auni. Ta gorar ruwa ta kan fara laushi wajen digiri 70, ta bututun ban ruwa wajen 80, ruwa kuwa a 100 ya ke tafasa. Shi ya sa gora ke yamutsewa in an zuba mata tafasasshen ruwa, watau zaruruwan da aka miƙe da ƙarfi ne ke komawa yadda su ke da.

Saboda haka a kiyaye. Kada a zuba koko ko kunu mai zafi a gorar ruwa. Manoman rani na bakin madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, in za su buɗa bakin bututu, gara su tsoma shi a ruwan zafi da su kara shi a wuta, domin hayaƙin wannan roba yana cutar da huhu. Wanda ya kiyaye, kayansa za su daɗe, lafiyarsa kuma ta tsira.