Kiwon kunkuru a ɗaki: A auna girman da zai yi kafin a kai shi gida

Ranar da ɗan kunkurun Sahel ya fito daga ƙwai, tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, tafin hannun yaro ma ya ishe shi zama. Wannan ƙanƙantar ce ke yaudarar masu sha'awar kiwonsa, su tanadar masa kwali ko daro, su ɗauka an gama.

Sai dai wannan kunkuru, da masana ke kira sulkata, shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Babban namiji kan wuce santimita 70, nauyinsa ya haura kilo 50, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 70. Wanda ya ɗauke shi yana saurayi, da wuya bai bar wa jikoki gadonsa ba.

A garuruwan Sahel irin su Cirozerin, inda kamfanin Sonichar ke haƙar kwal ɗin da ke bai wa Agadas da Arlit lantarki, kunkuru ba baƙo ba ne a tsakar gida. Wasu na ajiye shi don sha'awa, wasu don imanin cewa yana kare gida daga sharri. Gidan gargajiya mai faɗin tsakar gida da turɓaya kan ɗauke shi. Matsalar ta fi fitowa a gidajen haya da na ma'aikata, inda ƙasa ta sha siminti, da kuma wajen ƴan ci-rani a Turai da Amurka, inda sanyi ke tilasta masa zaman ɗaki na watanni.

Yadda ake lissafin wurin

Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Jamus ta fitar a 1997 kan kiwon dabbobi masu jan ciki ta ba da lissafi mai sauƙi: a auna tsawon ƙoƙon bayansa, a ninka sau 8 don tsawon wurin, sau 4 don faɗinsa. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a ba shi.

Ke nan mai santimita 10 na buƙatar santimita 80 a tsaye, 40 a kwance. Mai santimita 30 na buƙatar mita 2.4 da mita 1.2. Idan ya kai santimita 70, lissafin ya koma mita 5.6 da mita 2.8, wato ɗaki guda cur, ba gado ba kujera.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne zaman ɗaki na ƙuruciya ne kawai. Wanda ba shi da filin da zai mayar da shi nan da ƴan shekaru, gara ya haƙura tun yanzu.

Abin da ya kamata wurin ya ƙunsa

Akwatin gilashi irin na kifi bai dace ba. Kunkuru ba ya gane gilashi, sai ya yini yana tura shi, kuma iska ba ta ratsa akwatin yadda ya kamata. Akwatin katako mai faɗi, buɗe a sama, ya fi. Bangon ya zama wanda ba ya iya hango waje ta cikinsa, kuma ya fi ƙarfin hawansa, domin idan ya kife da baya a wuri mai zafi yana iya mutuwa kafin a ankara.

A daji, rami yake haƙa mai tsawon mita da dama, inda yake fakewa daga zafin rana da sanyin dare, yake kuma samun danshi. Don haka a zuba masa ƙasa gauraye da yashi mai kaurin da zai iya tonawa, a yi masa maɓoya mai ɗan danshi a kusurwa guda. Tayil da siminti mai santsi na lalata masa ƙafafu, bushewa mai yawa kuma na cikin abubuwan da ke sa ƙoƙon bayan ƙarami ya yi tudu-tudu.

Faɗin wurin na da wani amfanin: gefe guda ya yi ɗumi, ɗayan ya yi sanyi, shi ya zaɓi inda zai kwanta. A ƙaramin kwali babu wannan zaɓin. A yankin Azbin, inda daren hunturu ke da tsanani, shigar da ƙarami ɗaki da dare dabara ce mai kyau, amma da hantsi a fitar da shi rana, da inuwa kusa. Hasken da ke taimaka masa gina ƙashi ba ya ratsa gilashin taga, shi ya sa masu kiwo a Turai ke sayen fitila ta musamman.

Abincinsa ciyawa ce da harawa da ganye, ba ragowar tuwo ba. A ajiye masa ruwa a kasko marar zurfi. Huda ƙoƙon bayansa don ɗaure shi da igiya cuta ce, domin ƙashi ne mai rai da jijiyoyi. A kuma riƙa wanke hannu bayan taɓa shi, saboda yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, musamman ga yara.

Daga ina aka samo shi?

Ƙungiyar IUCN ta sanya wannan kunkuru cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda kamun da ake masa da kuma dabbobin kiwo da ke cinye ciyawar da yake rayuwa a kai. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda Nijar ke cikinta, ta hana fitar da wanda aka kamo a daji don kasuwanci. A shekarar ce kuma Amurka ta hana shigar da shi ƙasarta, saboda kaskar da ke jikinsa na iya yaɗa cuta ga shanu da tumaki. Mai tunanin sa ɗan kunkuru a jaka a matsayin tsaraba ya san doka yake karyawa.

Wanda nasa ya fi ƙarfin gida, kada ya sake shi a bakin hanya ko ya sayar wa masu fataucinsa. Ya nemi jami'an gandun daji na yankinsa su duba inda za a kai shi.